Shekara 11 ina tuƙa lanshi ba takarda: waɗanda suka sami rukhsar rayyis, yaya kuka yi?

Ɗan Maiurno a Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni haifaffen Maiurno ne, a Sudan. Tun ina yaro nake bin kawuna a kan Bahar Azraƙ, reshen kogin Nilu, har ya sakar mini lanshi, ƙaramin jirgin ruwa mai inji, ina ƙetarar da mutane da buhunan dawa da albasa, shekara 11 cur. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya raba ni da gida, na zauna Bur Sudan, yanzu ina Jidda. Wani mai jirgi a Ubhur, bakin teku a nan Jidda, ya ce zai ɗauke ni rayyis, wato matuƙin jirgi, in ina da rukhsa, wato lasisin tuƙi. Da ya ce in kawo takarduna sai na rasa bakin magana, don ba ni da ko guntuwar takarda da ke nuna na taɓa tuƙa jirgi. Waɗanda suka bi wannan hanya, a nan ko a Sudan, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi da inda kuka sha wuya.

Mai zirga-zirgar Farasan:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara raba abubuwa biyu, don ni haɗa su da na yi ya ci mini wata huɗu. Akwai rukhsar tuƙa ƙaramin jirgi, tana hannun Haras al-Hudud, masu tsaron iyaka, kuma su ne ke ba da izinin fita teku ta manhajar Zawil. Akwai kuma shahada, wato takardar shaidar ƙwarewa ta ma'aikacin jirgin kasuwanci, wannan tana hannun hukumar sufuri ta ƙasa. In kamun kifi ne, ma'aikatar muhalli da ruwa da noma ma tana da hannu a ciki. Ni da na karɓi ta farko na ɗauka na gama, na tafi wajen masu jigilar kaya daga Jizan zuwa Farasan ina murna. Mutumin ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce wannan ba ta aikinsu ba ce.

Saboda haka koma ka tambayi mai jirgin: da wace irin rajista jirgin yake, na shaƙatawa ne, na kifi ne, ko na haya? Girmansa nawa? Amsar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Sannan dubi sana'ar da aka rubuta a iƙamarka, katin izinin zamanka a Saudiyya. Tawa lebura aka rubuta, sai da kafilina ya canza ta kafin in hau jirgi da kwanciyar hankali.

Baharin Sawakin:
Ɗan Maiurno, maganarka ta tuna mini da abin da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Na yi shekara 7 a teku kafin in nemi shahada. Ukun farko a kan sambuk, jirgin katako, na yi su, muna bin gaɓar Bur Sudan da Sawakin. Ni ke jan igiya, ni ke jefa anka, in rayyis ya kwanta ni ke riƙe jirgi dare guda. Ba wanda ya rubuta komai. Daga baya na sami aiki a jiragen fasinja da ke tsakanin Sawakin da Jidda, a nan ne na yi jawaz bahari, littafin da ake rubuta aikin ma'aikacin jirgi.

Ranar da na kai takarduna, jami'in bai tambaye ni ko na iya tuƙi ba. Littafin ya buɗe ya shiga ƙirga: sunan jirgi, nauyinsa, ranar hawa, ranar sauka, hatimin kyaftin. Dokar duniya ta horar da ma'aikatan jirgi, wadda ake kira STCW, ta 1978 da aka yi wa babban gyara a Manila a 2010, ta ce wanda zai riƙe tsaron jirgi a matsayin hafsa sai ya yi wata 36 a kan jirgi, ko wata 12 in yana cikin tsarin makarantar da aka amince da ita. Ni da ban bi ta makaranta ba, wata 36 ke kaina. Ya ƙirga ya sami 29, domin akwai hutun da na yi a gida, akwai kuma wata tafiya da na sauka ban karɓi hatimi ba don ina saurin zuwa suna. Na ce masa ga shekara 3 na sambuk. Ya ce kawo shaida. Sambuk ɗin an sayar da shi, rayyis ɗin Allah ya yi masa rasuwa. Haka na koma na cike wata 7 ina bahari, ƙaramin ma'aikacin jirgi, ina karɓar umarni daga yaran da na girme su da shekara 10.

Ba zan ɓoye maka ba ɗan'uwa, ka shirya ranka cewa shekarunka na kogi suna hannunka da idonka, amma ba sa cikin littafi. Daga ranar da ka taka jirgin Ubhur, ko shara kake yi, ka sa a rubuta. Kada ka sauka daga kowane jirgi sai da sa hannu da hatimi, ko ana kiran sunanka a bakin tasha.

Makanikin Yanbu:
Ni nawa gajere ne. Kafin ka biya ko riyal ɗaya na kwas, je ka yi gwajin lafiya na ma'aikatan jirgi, musamman na ido. Ni sai da na biya kuɗin horo, likita ya buɗe mini littafin nan mai ɗigo-ɗigon launi ya ce in karanta lambar da ke ciki. Shafi bayan shafi ba na ganin komai. Ina da shekara 26 ban taɓa sanin ba na raba ja da kore sosai ba. Da dare jirgi da fitila yake magana: ja a hagunsa, kore a damansa, fara a bayansa. Wanda ba ya raba su ba zai san jirgin da ke gabansa zuwa yake ko tafiya ba. Na yi kuka ranar, wallahi. Na koma ɓangaren inji, alhamdu lillahi da shi nake ciyar da iyalina. Takardar lafiyar shekara 2 take yi, sai a sabunta.

Uwar bahari, Karantina:
Ɗana, ni ban taɓa tuƙa jirgi ba, amma na biya kuɗin wannan hanya. Yarona na fari ya matsu, sai wani ya zo har gida ya ce yana da hanya, zai kawo masa shahada daga wata ƙasa ba zama aji ba jarrabawa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na sayar da warwarona biyu. Takarda ta zo da hatimi mai kyau. Kamfanin da ya kai wa suka aika tambaya ga ƙasar da aka ce ta bayar, aka ce ba su san lambar ba. Allah ya rufa asiri aka tsaya a korarsa. Mutumin kuwa wayarsa a kashe har yau. Duk makarantar da za ka shiga, ka tabbata hukuma ta san da ita, ka gani da idonka a shafin hukumar.

Ɗalibi daga Iskandariya:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Ni a makarantar sufurin teku ta Larabawa da ke Abu Ƙir na yi horon farko. Kashi huɗu ne: tsira a ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zaman tare a jirgi. Ni ɗan Kosti ne, na tashi ina iyo a Bahar Abyad, ɗaya reshen Nilu, na ɗauka na ruwan ba zai dame ni ba. Sai ga shi an ce in yi tsalle daga sama da rigar ceto, in juya kwale-kwalen ceto na roba da ya kife ni kaɗai. Sau uku ina faɗuwa. Na gobara kuma an sa mana tukunyar iska a baya, aka tura mu ɗaki mai hayaƙi muna lalube da hannu. Na tsira da na gobarar duk shekara 5 ake sabunta su.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne Turancin oba-oba. Tasha ta 16 ita ce ta kira da neman agaji, kuma akwai tsarin da ake bi: sunan jirgi, inda kake, abin da ya faru, mutum nawa ne a ciki. Na rubuta a kati na manna a bangon ɗakina ina maimaitawa bayan kowace sallar asuba.

Direban lanshi, Sinja:
Ni dai gaskiya abin yana yi mini ciwo. Mutum ya yi shekara 11 ba a taɓa rasa rai a hannunsa ba, a ce yaron da ya fito aji jiya ya fi shi?

Tsohon rayyis, Bur Sudan:
Ɗana na Sinja, na ji zafinka, ni ma na yi wannan maganar ina saurayi. Amma Bahar Maliya ba Nilu ba ce. A kogi kana karanta gudun ruwa da tudun yashi, in ka hau yashi sai a sauka a tura. A nan murjani ne, dutse mai kaifi, yana kwance dab da fuskar ruwa, in ka hau shi ya farke cikin jirgi. A Sanganeb, kusa da Bur Sudan, da mashigar Jidda duk haka ruwan yake. Mu da launi muke gane shi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ruwa ya ragu, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa murjani ne, kauce. Wannan ma sai rana ta ɗaga tana bayanka. In tana gabanka da la'asar, ruwan duk ya zama madubi. Wannan ilimin a teku na same shi. Amma dokar haɗuwar jirage ta 1972, cewa in kun yi gaba da gaba kowa ya karkata damansa, in kuma hanya ta gitta wanda ɗan'uwansa ke damansa shi zai ba da hanya, wannan sai da na zauna aji da furfura a gemuna na haddace ta. Kyaftin ɗin babban jirgin da ke tahowa bai san ka ba, bai san kawunka ba, dokar kawai ya sani, kuma yana zaton kai ma ka san ta.

Akwai kuma amfanin rukhsa da ban gane ba sai da na riƙe ta. Kun tuna jirgin tumakin da ya nutse a tashar Sawakin a Yunin 2022, da tumaki fiye da 15,000 alhali ƙarfinsa 9,000 ne. Ni ma wani mai jirgi ya taɓa tsare ni a bakin tasha ya ce in ƙara mutum 6 a kan adadin da aka rubuta wa jirgin, wai tafiyar kusa ce. Da a zamanin da ba ni da takarda ne, da na ɗauka, don in na ƙi akwai goma a bayana masu jiran aikin. Ranar na ce masa sunana ne a takardar fita, ni za a tambaya, ba zan tayar da inji ba. Ya yi faɗa ya gaji, mutum 6 suka jira sawu na biyu.

Ɗan Maiurno a Jidda:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma wajen mai jirgin jiya bayan la'asar. Jirgin na haya ne, ana fita da masu nutso, kuma yana da rayyis mai rukhsa wanda zai bar aiki baɗi. Mun yi magana zan fara a ƙarƙashinsa a matsayin bahari, ya kuma yarda a riƙa rubuta mini kwanakina da sa hannunsa. Gwajin ido ranar Lahadi zan je. Iƙamata direban gida aka rubuta, wannan ita ce maganar da zan yi da kafilina yau da dare. Baba rayyis, in rana tana gabana kuma dole in shigo Ubhur da baƙi a cikin jirgi, tsayawa ake yi a waje ko akwai yadda kuke yi?