Sati 5 da tarewa, sikanin ya ce cikin sati 6 da kwana 3, dan Allah a min bayani

Yayar Amarya:
Slm 'yan uwa, masu ilimin lafiya ku taimaka min. Ƙanwata ce aka yi bikinta, sati 5 kenan da tarewa, ta fara laulayi ko ruwa ba ya zama a cikinta sai mijin ya kai ta asibiti, gwajin fitsari ya nuna ciki, aka ƙara da sikanin takarda ta fito wai sati 6 da kwana 3. Tun a mota mijin ya yi gum har yau bai ce mata uffan ba, ita kuma sai kuka, wlh yarinyar nan a hannuna ta tashi na san wace ce. Ta yaya ciki zai girmi aure? Na'urar ce ta yi kuskure ko me?

Anti Nas:
Wslm 'yar uwa, kwantar da hankalinki, na'ura ba ta yi kuskure ba kuma ƙanwarki ba ta yi komai ba. Mu a asibiti ba daga ranar da ciki ya shiga muke fara ƙirga ba, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake farawa, don ita ce ranar da mace za ta iya tunawa, kuma a kan wannan lissafin aka saita na'urar. Shi ya sa ake cewa ciki sati 40 ne alhali zaman ɗa a ciki wajen sati 38 ne, sati 2 na farko babu ma cikin tukuna.

Ga yadda abin yake. Mai al'adar kwana 28, wajen rana ta 14 ƙwanta ke fitowa, kuma bai wuce awa 12 zuwa 24 yana jira ba, shi kuwa maniyyi yana iya kai kwana 5 da rai a jikinta. A cikin bututun da ke kai ƙwai mahaifa suke haɗuwa ba a mahaifar ba, daga nan abin ya fara rabuwa gida 2, 4, 8 yana gangarowa a hankali, sai kwana 6 zuwa 10 bayan haɗuwar ya maƙale a bangon mahaifa, lokacin ne jiki ke fara fitar da sinadarin da gwajin fitsari ke ganowa. To cire sati 2 daga abin da aka rubuta mata, saura sati 4 da kwana 3, kenan bayan tarewa da 'yan kwanaki cikin ya shiga. Ki tambaye ta yaushe ta ga al'ada kafin biki.

Baban Yara:
Ni fa ban cika yarda da sikanin ɗin nan ba, maiɗakina an ba ta ranar haihuwa sai da ta ƙara kusan sati 2 a kai. Amma shi ma angon ya ji tsoron Allah, zargin mace a kan takardar da bai iya karantawa ba ba ƙaramin abu ba ne, ya koma ya tambayi likitan mana.

Anti Nas:
Malam ranar haihuwa dama kintace ce, mata kaɗan ne ke haihuwa a daidai ranar. Kuma ya danganta da lokacin da aka yi hoton, na watanni ukun farko shi ya fi daidai, kuskurensa bai cika wuce kwana 5 zuwa 7 ba don a lokacin tsawon ɗan tayi kusan ɗaya ne a wajen kowa, amma wanda aka yi a ƙarshen ciki yana iya kaucewa har sati 3.

Yayar Amarya:
Allahu akbar, yanzu na kira ta, ta ce saura kwana 10 a kai ta ta fara, har an yi ta tsokanarta a wajen ƙunshi. Na lissafa ya faɗa daidai wlh. Anti Allah ya saka da alheri, gobe zan sa yayanmu ya raka mijin wajen likita ya ji da kunnensa. Umma ta aiko mata da jiƙo na laulayi, ta sha?

Anti Nas:
A'a dan Allah ta ajiye, jiƙo ko maganin kemis kar ta sha sai likita ya gani. Abin da ke cikinta yanzu bai fi ƙwayar shinkafa ba amma zuciyarsa ta riga ta fara bugawa tun wajen kwana 22 da haɗuwa, kuma daga nan zuwa sati na 10 ne ake halittar gaɓoɓi, lokacin da magani ya fi yin illa kenan. Folik asid ɗin da za a ba ta ta riƙa sha kullum, yana taimakon ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri. Ta fara awo da wuri, ta ci abinci kaɗan-kaɗan, in aman ya hana ta shan ruwa ko ta ga jini ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, a kai ta asibiti a take ko da tsakar dare ne.