Sadakar da ake nema a wurin biyan kuɗi: ina take zuwa?

Mazaunin Chicago: Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Amurka da wuya mutum ya biya kuɗi a babban kanti, na'ura ba ta tambaye shi ko zai bar canjinsa sadaka ba. Na daɗe ina bayarwa, amma jikina ya yi sanyi tun da aka kai kamfanin CVS, mai kantunan sayar da magani, ƙara a 2022, bisa zargin cewa da kuɗin masu sayayya yake cika alƙawarin dala miliyan 10 da ya yi wa ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari, kodayake kamfanin ya musanta. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Tsohuwar ma'aikaciyar kanti, Houston: Wa alaikumus salam, Malam. Inda na yi aikin karɓar kuɗi, sadakar tana fitowa daban a rasit, ba a haɗa ta da cinikin ranar. Abin da ya dame ni shi ne matsin lambar manaja, domin a ɗakin hutu akwai allo mai ɗauke da sunan kowa da abin da ya tara, wanda ya zo ƙarshe kuwa sai an kira shi ofis. Na sha ganin dattijuwa tana lissafin kuɗin magani, amma ta amince saboda kunyar waɗanda ke bayanta. Ba a taɓa nuna mana shaidar miƙa kuɗin ba.

Uwargida daga Birmingham: Hajiya, kin taɓa zuciyata. Ina cikin waɗanda suka ba da gudummawa lokacin da Kyaftin Tom Moore, wani dattijo tsohon soja, ya tara wa ƙungiyoyin agaji masu tallafa wa asibitocin Birtaniya kusan fam miliyan 39 a 2020. Wannan kuɗin ya isa inda aka nufa, amma a 2024 hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta gano cewa 'yarsa da mijinta sun ci moriyar gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya. Yanzu sai na duba lambar rajistar ƙungiya kafin in bayar.

Ɗan kasuwa, Kano: Mu a nan akwatin gilashi ne a gefen mai karɓar kuɗi, an rubuta "taimakon marayu", babu sunan ƙungiya, babu lambar waya. Da na tambayi mai kantin, sai ya ce wani bawan Allah ne yake zuwa ya kwashe duk wata, shi ma bai san gidan marayun ba. Na roƙe shi ya nemi rasit a wurin mutumin, kuma zan koma in ji yadda suka yi.