Yaya ake gano girman fili daga taswirar rabon filaye?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ana yi mini tallar wani fili a bayan unguwar Ali Ɗan Sofo, mai filin ya ce murabba'in mita 600 ne, ya kuma ba ni kwafin taswirar rabon filayen, wadda aka rubuta 1/2000 a ƙasanta. Da na aza rula, faɗin filin ya ba da santimita 1, tsawonsa santimita 1.5. Ƙanena ya ninka 1.5 da 2000, ya sami murabba'in santimita 3000, wanda bai kai girman dardumar salla ba. Ina roƙon masana su nuna mini inda lissafin ya kauce.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Adadin 1/2000 tsawo kaɗai yake aunawa, wato kowane santimita 1 a takarda yana wakiltar santimita 2000 a ƙasa, daidai da mita 20. Saboda haka faɗin filin mita 20 ne, tsawonsa mita 30, idan ka ninka su kuwa za ka sami 600 ɗin da aka faɗa maka. Ƙanen naka sau ɗaya ya ninka da 2000, alhali kuwa fili yana da tsawo da faɗi, kuma kowannensu an rage shi sau 2000, don haka sai a ninka da 2000 sau biyu, wato miliyan 4. A irin wannan taswira, murabba'in santimita 1 yana daidai da murabba'in mita 400.

Magini:
Lissafin Malam babu gyara, amma tunda kwafi ne a hannunka, kada ka saki jiki da abin da aka rubuta a ƙasansa. Masu injin kwafi sukan mayar da takardar A3 zuwa A4, kuma idan aka yi haka kowane tsawo yakan koma kusan kashi 71 cikin ɗari, girman fili kuma ya ragu da rabi, alhali rubutun 1/2000 yana nan bai sauya ba. Ka duba ko akwai ɗan layin ma'auni da aka zana a gefe, domin shi tare yake ƙanƙancewa da taswirar. Idan wurin da aka rubuta mita 100 bai cika santimita 5 ba, an taɓa girman takardar.

Mai auna filaye:
Alhaji, a wannan ma'auni rabin milimita, kaurin layin fensir ke nan, mita guda ce a ƙasa, kuma kuskuren mita guda a gefen da yake da tsawon mita 30 tana cinye murabba'in mita 30. Kafin ka biya, ka gwada adadin da ke cikin takardar mallaka da na taswirar asali a ma'aikatar magajin gari, sannan a je wurin da igiyar awo a tono turakun kusurwa huɗu, a auna tsakaninsu a gaban maƙwabta.