Manager da head coach: duka koci za mu ci gaba da cewa?

Ɗan Gangare: Jama'a, duk ranar da wata ƙungiyar ƙwallo ta kori koci, gardamar gidajen kallo daga Bauchi Road har Rikkos a nan Jos ba ta wuce "shi ya sayo 'yan wasan banza, dole ya tafi." Alhali ba kowane koci ke sayen ɗan wasa ba. A Ingila akwai manager, akwai head coach, mu kuwa duka koci muke cewa. A samo mana suna biyu.

Na Dilimi: Ai mai sauƙi ne, ɗan'uwa. Manaja da babban koci.

Baban Yara: Babban koci ya zauna, amma manaja zai rikita mutane. A ƙungiyoyinmu na gida irin Plateau United, manajan tawaga shi ke kula da mota, masauki da rajistar 'yan wasa, ba ya tsara wasa. Ga kuma janar manaja a ofis. Ka ce an kori manaja, mutumin Jos zai tambaye ka wanne.

Malamin Ƙwallo: Mu fara raba aikin tukuna. Head coach nasa atisaye, tsarin wasa, zaɓen sha ɗayan farko da canji. Cinikin 'yan wasa, sabunta kwantiragi da albashi suna hannun daraktan wasanni; koci dai ya faɗi gurbin da yake buƙata. Shi kuwa manager duk waɗannan da shi ake yankewa, wani lokaci har makarantar horar da yara 'yan wasa, kamar yadda Alex Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013. Arsenal ma ta nuna bambancin a fili: ta ɗauki Arteta a Disambar 2019 a matsayin head coach, sai a Satumbar 2020 ta mayar da shi manager.

Inda abin ke lalacewa: darakta ya zuba kuɗi a 'yan wasan gefe, a kawo kocin da ke wasa da 'yan baya uku, tsarin da ba shi da gurbinsu. Sakamako ya yi muni, a sallami koci, a biya shi diyyar kwantiragi har da ta mataimakansa, sabon ya zo ya gaji 'yan wasan nan dai, darakta kuma yana kan kujerarsa. Nan ya kamata magoya baya su kai tambayarsu.

Na Dilimi: To a ce jagora mana, ko uban tafiya.

Baban Yara: Jagora zai ci karo da kyaftin. Tunda iko ne bambancin, a ce koci mai wuƙa da nama. Ko wanda bai taɓa kallon Firimiya ba ya gane.

Malamin Ƙwallo: Na yarda, Baba, sai dai ya yi wa kanun labari tsawo. A can a rubuta koci mai cikakken iko, ɗayan a bar wa baki da sharhi.

Ɗan Gangare: An gama: babban koci, da koci mai wuƙa da nama. Wanda ake ɗorawa bayan kora fa?

Malamin Ƙwallo: Shi ma iri biyu ne. Michael Carrick ya ja ragamar Manchester United wasa uku kacal a 2021 kafin a sami wani, wannan kocin riƙon ƙwarya ne. Ralf Rangnick da ya karɓa daga hannunsa da wa'adi zuwa ƙarshen kaka, kocin wucin gadi.