Na sa wa sana'ata suna Kaka, yanzu an ce sai na canza

Admin: Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwa daga nan Jos ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara, ban da baƙar magana.

Mai tambaya: Iyayena da yayyena na wannan zaure, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. A Gangare na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, don mahaifiyata ta rasu ina goye. Mijin tsohuwar aikin kuza ne ya kawo shi Jos tun zamanin Turawa, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da kuɗin masa da kunu ta riƙe gidan. Duk unguwa Kaka ake ce mata, har sa'o'inta, ni kaina sai da na yi wayo na san sunanta na yanka. A wajenta na koyi gyaran acha, yadda ake surfawa a wanke a rege da ƙwarya biyu har mutum ya tauna bai ji yashi ba. Wanda ya sha gwatenta ya san abin da nake faɗa. Allah ya jiƙanta.

Bayan na yi aure na fara ƙulla acha da garin tamba da garin kunun gyaɗa a leda ina kai wa shaguna. Na sa wa kayan suna KAKA, ga sunanta ga kuma lokacin girbi, na ga abin ya zauna daidai. Na yi rajista a CAC, na sami lambar NAFDAC, na haɗa kuɗin adashina da na ɗan kunnena na gwal aka bugo mini ledoji masu yawa, ga su nan jibge a ɗaki.

To ƙanin maigidana yana Sifaniya, ya ce akwai shagon da zai karɓi acha. Na tura masa hoton ledar, sai ga saƙon murya, yana dariya matarsa na taya shi. Wai a can, ku gafarce ni, da wannan kalmar yara ke kiran bayan gida, haka a Faransa da Italiya. Ya ce ko in canza ko in manta da maganar. Na shiga intanet, sai na ƙara rikicewa: a Suwahili wai babban wa ne, a Indiya baffa, a Suwidin kek. Wanne ne na asali? In namu ne na asali ni ba zan canza ba. Kuma cire sunan matar da ta raine ni saboda dariyar wasu, ba butulci ba ne?

Maman Ilham: Allah sarki, Allah ya jiƙan Kaka. Amma dariyar matar ce ta tsaya mini. Haka dangin miji suke in sun leƙa waje. Ni tawa facalar shekara ɗaya ta yi a Dubai ta dawo tana toshe hanci in an sa daddawa a miya.

Baban Khalifa, Bauchi Road: 'Yata, saurare ni da kyau. Kada ki cire ko harafi ɗaya. Ke da kanki kin kawo hujjar ba ki lura ba. A wajenmu kaka mahaifin uba ko uwa ne. Barebari haka. Suwahili babban wa. Indiya ƙanin uba. A Indonesiya kakak suke ce wa yaya. Duk na gaba ne a dangi! Wannan ba ya faruwa haka kawai. Kalmar daga wajenmu ta fita ta zaga duniya, Turawa ne suka karkatar da ita don su wulaƙanta abin da muke girmamawa. Na daɗe ina nazarin wannan.

Mai tambaya: Na gode Baba. Wallahi abin da zuciyata ke faɗa mini ke nan.

Mai Dankali, Farin Gada: Hajiya tambaya nake. Shi ƙanin mijin naki ya turo ko sisi? Buhu nawa shagon ke so? Wa zai biya kuɗin jirgi? Don ni wani ya taɓa sa ni na tara kaya wai za a kai Legas a loda, har suka tsiro a shago yana ce mini gobe.

Ɗalibar Naraguta: Baba, da girmanka, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Harsuna nake karanta. In aka ga kalma ɗaya a harsuna biyu, ko dai sun gaje ta daga uwa ɗaya, ko ɗaya ya ara daga ɗaya, ko kuma dacewa ce. Aro yana barin sawu. Littafi namu da kitabu na Suwahili duk daga kitab na Larabci suke, an san hanyar da suka biyo, malamai da fatake. Kaka ba ta da irin wannan sawun. Hausa 'yar gidan Chadi ce, dangin Angas da Bolanci, Suwahili kuwa Bantu ce, harsunan arewacin Indiya kuma danginsu ɗaya da Farisanci da Ingilishi.

Abin da ya haɗa su bakin jariri ne. Yaro ko na wace ƙasa da maimaita gaɓa yake fara magana: ma-ma, ba-ba, da-da, ka-ka. Manya ne ke ɗauka su liƙa wa abin da ke kewaye da shi, kuma me ke kewaye da jariri in ba dangi da abinci da abin da yake ɓatawa a zane ba? Shi ya sa galibi ma'anonin ba sa wuce nan. Roman Jakobson ya yi rubutu a kan wannan tun 1960. Kuma kowace al'umma yadda ta ga dama take rabawa: a Jojiya mama uba ne, uwa kuwa deda. A Rasha baba tsohuwa ce ko mace.

Batun Turawa sun karkatar kuwa, kalmar tana cikin rubutun Latin da wannan ma'anar tun kafin haihuwar Annabi Isa. Turkawa ma haka yaransu ke faɗa, su kuwa ba su da wata gaba da mu.

Baban Khalifa: Ke yarinya, littafin da kike karantawa wa ya rubuta shi? Ba su ba ne? Za su rubuta cewa daga wajenmu suka ɗauka? Ki bari ki gama makarantar tukuna.

Ɗalibar Naraguta: Allah ya huci zuciyarka Baba. Amma mu ma muna yi wa wasu. In Bayarabiya ta ce omi tutu ruwan sanyi take nufi, mu kuwa yaranmu su fashe da dariya. Desmond Tutu ya karɓi kyautar Nobel a 1984 da sunansa. Birnin Banaras na Indiya tsohon sunansa Kashi, kuma a Amurka akwai abincin karin kumallo da ake sayarwa a kwali, sunansa Kashi. Mu ne muka karkatar musu? Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, sautukan da baki ke iya fitarwa kuwa ba su da yawa, dole a yi ta karo. Kaka ta Suwidin ita ce ma ke da tarihin da za a iya bi: daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shiga Ingilishi, daga nan ta iso mu. Kek ɗin da ake yankawa a biki jikan waccan kakar ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa duk wannan ilimin bai dame ni ba. 'Yar nan, tsakani da Allah, in aka kawo wancan kwalin na Amurka kasuwar Taminus aka ce ki saya wa yara, za ki saya? To haka su ma. Mai saye ba ya tambayar asali, abin da kunnensa ya ji shi ne. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ki yi sitika ki manna a kan na fita waje, na gida ki bar shi.

Mai tambaya: Hajiya ai ba ɗaya ba ne. Nawa sunan mutum ne, ba haka kawai na tsinto shi ba. Kuma sitika a kan leda arha take sa kaya su yi kama, na sha wahala kafin na samu bugun ya fito haka.

Ɗan Milan: Anti kar ki ji tsoro! Kaká fa? Ɗan Barazil, sunansa Ricardo, ƙaninsa ne ya kasa faɗa yana yaro ya mai da shi haka. Ya zo AC Milan a 2003, ya ɗauki Ballon d'Or a 2007, Real Madrid ta saye shi a 2009. Italiya da Sifaniya ke nan, ƙasashen da ake tsorata ki da su, kuma da sunan a bayan riga yara suka yi ta yawo. In kaya na da kyau suna ba ya hana su tafiya.

Hajiya Mai Atamfa: Shi cin sa ake yi?

Abu Kubwa: Daga Abuja nake bin ku. Manyan kamfanoni ma suna yin abin da Hajiya ta faɗa. Motar nan Pajero, a Sifaniya da yawancin ƙasashen da ke jin harshensu da sunan Montero aka yi ta sayar da ita, don sunan farko batsa ne a can. Ba wanda ya ce Mitsubishi ta yi butulci. Ni abin da ya fi ci mini rai ma, mu nan 'ya'yanmu sun daina cewa Kaka. Nawa giranma suke ce wa mahaifiyata, ita kuma har washe baki take. Muna faɗa da Turawa a kan kalmar da muka yar a gidajenmu.

Maman Ilham: Wallahi Abu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Makarantun kuɗin nan ne, a ci tarar yaro don ya yi Hausa.

Baban Khalifa: Kun gani? Abin da nake faɗa ke nan. Yau a ce ta canza sunan leda, gobe a ce acha ma ba ta yi ba sai fonio, sunan da ake kiranta da shi a waje. Haka aka yi mana da sunayen garuruwa. 'Yata, ki tsaya a kan bakanki, albarkar tsohuwar nan ce ta kawo ki inda kike.

Injiniya, Rayfield: Kuna ta suna, ba wanda ya yi maganar takardu. Tarayyar Turai ta amince a shigar da acha a ƙarshen 2018, wannan gaskiya ne, amma a 2015 ta dakatar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari. Ba a ɗaukar abinci a tura haka nan. Ki je ofishin NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ki ji sharuɗɗan, wataƙila ma bayanin jikin ledar sai an sake shi da harshensu, kin ga ledojin ɗakinki ba su shiga lissafi ba ke nan tun farko. Sannan masu sayen acha a can galibi 'yan Gini da Mali da Senegal ne, Gini ce ma ta fi kowa nomanta. Faransanci suke ji, sun san kalmar sarai, kuma fonio suke nema a jikin leda.

Mai tambaya: Injiniya shi ƙanin maigidan ya ce zai ji da duk wannan. Ni suna kawai ya ce in gyara. To in na mai da shi KAKATA fa? Kun ga ban cire ta ba.

Ɗalibar Naraguta: Anti don Allah kar ki yi! A Italiyanci wannan ya fi na farkon muni, shi ne aikin gaba ɗaya. Ki sa sunanta na yanka mana, ko Inna, ko Gangare.

Mai tambaya: Sunan yankanta sunan uwar mijina ne, ba zan iya buga shi a leda ana jefarwa a bola ba. Kuma ba wanda ya san ta da Inna.

Mai Dankali: Hajiya har yanzu ba ki ce ko ya turo kuɗi ba.

Baban Khalifa: Ɗaliba, in dacewa ce kamar yadda kike faɗa, me ya sa ba a dace an kira jaki ko dutse kaka ba, sai manya a dangi? Amsa mini wannan.

Ɗalibar Naraguta: An kira aku, Baba. A Niyu Zilan akwai wani aku da Maori ke kira kaka.

Baban Khalifa: Aku ai tsuntsu ne mai magana kamar tsofaffi. Kin ƙara mini hujja.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Zan yi istihara. Ya sake kira ɗazu ban ɗauka ba. Wai in na sa ɗan ɗigon nan a kan harafin ƙarshe irin na ɗan ƙwallon, sai na sake rajista ko ba sai na yi ba?

Maman Ilham: Anti nawa kike ba da mudun achar? Kina kawowa Rikkos?