Numfashin maigidana yana ɗaukewa cikin barci, shin akwai haɗari?

Uwargida, Jega:

Assalamu alaikum. Maigidana direban babbar mota ne mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu, shekarunsa 47, kuma jikinsa ya yi nauyi a 'yan shekarun nan. Ya daɗe yana minshari, amma yanzu sai in ji ƙarar ta tsaya cik, ƙirjinsa yana motsi alhali iska ba ta fita, har sai ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe. Da safe ba ya tuna komai, sai ciwon kai da bushewar baki, da rana kuwa yakan yi gyangyaɗi ana cikin hira. Yana shan maganin hawan jini kala uku amma jinin ya ƙi sauka. Hajiyarsa ta ce dannau ne. Don Allah masana su ba ni shawara.

Likita, Gusau:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a yanke hukunci a kan mara lafiyar da ba a gani ba, amma abin da kika bayyana bai yi kama da dannau ba, domin mai dannau yana farke, yana sane, jikinsa ne kawai ya kasa motsi. Alamun maigidanki sun fi kama da toshewar hanyar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki, ga mai ƙiba ko mai kaurin wuya kuwa sai harshe da naman su rufe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi a firgice, zuciya ta buga da ƙarfi, sannan ya koma barci bai san an yi ba. Idan hakan ya kai sau 30 a awa guda, muna ɗaukarsa mai tsanani.

Haɗarin yana cikin maimaituwar nan dare bayan dare. Jinin da ya kamata ya sauka lokacin barci sai ya riƙa hawa, shi ya sa idan muka ga hawan jinin da ya gagari magani uku muke tambayar yadda mutum yake barci. Ciwon da aka bari ba magani yana ƙara yiwuwar shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da gazawarta, kuma yana wahalar da daidaita sukari. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sitiyarin da ke hannunsa, domin gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan hanyar Yawuri zuwa Kwantagora da mota cike da kaya ya isa ya hallaka shi da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Ki ɗauki barcinsa a waya da izininsa, ku kai wa likitan da ke duba hawan jininsa, ku nemi a tura shi babban asibiti a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, inda za a faɗa muku wurin yin gwajin barci. Kafin nan ya riƙa kwanciya a gefe, ya guji taba da maganin sa barci, ya fara rage ƙiba, kuma ya dakata da doguwar tafiya.

Malamin makaranta, Argungu:

Hajiya, ni ma na yi fama da wannan. Shekara biyu ke nan ina kwana da na'urar CPAP, wadda take hura iska ta hanci domin maƙogwaro ya zauna a buɗe. Makon farko ta takura mini ƙwarai, daga baya na saba, yawan tashi fitsari da dare ya ragu, kuma na daina barci a ɗakin malamai. Matsalarta tsada da wutar lantarki, sai da na haɗa mata batir da sola kafin na samu natsuwa.

Ɗan kasuwa, Zuru:

A wajenmu wanzami ake kira ya cire beli idan minshari ya yi yawa. Me zai hana a fara gwada wannan, tunda ya fi sauƙin kuɗi?

Likita, Gusau:

Alhaji, ina roƙon kada a yi. Toshewar takan faru ne a bayan harshe da bangon maƙogwaro, inda askar wanzami ba ta gyara komai, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Uwargida, Jega:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na san zancen ajiye mota ba zai karɓe shi daga bakina ba, saboda haka zan fara nuna wa yayansa bidiyon idan sun dawo daga Legas ranar Alhamis.