Tallar da muka biya, a kunnen wa ta faɗa?

Mai sayar da iri da taki, kusa da Kasuwar Dole:
Assalamu alaikum. Gabanin damina na biya wani gidan rediyo ya riƙa sanar da cewa na kawo irin gero mai saurin nuna, da nufin manoman Mirya da Matamaye su ji. Kusan duk wanda ya shigo shago na tambaye shi sai ya ce ya ji sanarwar, amma buhunan ba su fita yadda na zata ba. Ku da kuka taɓa biyan talla, yaya kuka gane ta isa inda kuka nufa?

Mai ɗinkin kayan amare, Birni:
Alhaji, ni a Facebook na sa tawa, masu kallo suka yi yawa har na fara murna. Da na duba bayanan da shafin ke bayarwa kan shekaru da jinsi da garin masu kallon, sai na tarar galibinsu samari ne, wasu ma daga Kano da Yamai, alhali iyayen amare na Damagaram nake nema.

Malamin lissafi, Zango:
Alhaji, tambayar waɗanda suka shigo shago ba za ta ba ka amsa ba, domin manomin da bai ji ba bai zo ba, balle ka tambaye shi. Da na taya wani ɗan'uwana irin wannan aiki, yiwuwa mai sharaɗi muka yi amfani da ita, wato lissafin yiwuwar abu idan an riga an san rukunin mutanen da ake magana a kai, wadda ƙa'idar masanin lissafi Bayes da aka buga a 1763 ta ginu a kanta. A ɗauka mutum 1,000 ne, 200 daga cikinsu manoman da kake nema. Idan 120 cikin manoman suka ji, tallar ta isa kashi 60 cikin ɗari nasu. To amma idan 240 cikin sauran 800 su ma sun ji, masu ji sun zama 360, manoma kuma kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Lissafin farko yana nuna yawan manoman da ka samu, na biyu kuma inda kuɗinka suka tafi, kuma matsalar Hajiya mai ɗinki ta biyun ce.

Dillalin hatsi, Sabon Gari:
Malam ya yi gaskiya. Mu ranar kasuwar Mirya muka je muka tambayi manoma kaɗai, har da waɗanda ba su taɓa sayen komai wurinmu ba. Da yawa suka ce da hantsi suna gona, rediyo na rataye a ɗaki. Alhaji, ka tambaye su lokacin da suke kunnawa kafin ka sake biya.